Yadda ake gano yawan harbin da bindigar iska ta PCP ke bayarwa daidai

Duk wanda ya sayi bindigar iska irin wadda ake ɗura wa iska a ajiye tun kafin harbi, wadda masu harkar ke kira PCP, tambayarsa ta farko ɗaya ce: cikawa guda harbi nawa za ta ba ni? Kamfani ya buga lamba a jikin kwali, mai shago ya faɗi tasa, wani mai irin bindigar ya faɗi wata dabam. Ba lallai ne wani cikinsu ya yi ƙarya ba, tambayar ce ba ta cika ba. Bindigar za ta yi ta tofa harsashi har iska ta kusa ƙarewa. Abin da mai saiti ke bukatar sani shi ne guda nawa ne a cikin harbin nan ke fita da gudu kusan ɗaya su sauka wuri ɗaya, daga wane matsin iska suke farawa, a wane matsi kuma suke ƙarewa. Wannan ba a samunsa a kwali, domin bindiga biyu samfuri ɗaya daga masana'anta ɗaya sukan bambanta. Sai ka zauna ka auna taka.

Matsalar ba ta yau ba ce. Wajen 1780 sojojin Ostiriya suka fara riƙe bindigar iska ta Girardoni, wadda gindinta shi ne tukunyar iskar. Cikawa ɗaya tana ba da harbi kamar 30 masu amfani, kuma na ƙarshe ba sa kai na farko ƙarfi. Bindigogin yau, irin na Air Arms da BSA a Ingila, Weihrauch a Jamus, FX a Suwidin, Hatsan a Turkiyya da Benjamin a Amurka, suna ɗaukar matsi da ya ninka na waccan sau uku ko fiye, amma har yanzu kowane harbi yana rage abin da ke cikin silinda, wato tukunyar iskar da ke jikin bindigar.

Abin da ke faruwa a ciki

Idan ka ɗana bindigar, wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ake kira hama kake ja baya, kana matse sifirin da ke bayansa. Da ka taɓa kunama sai hamar ta tafi ta bugi sandar bawul, bawul ya buɗe na ɗan lokaci ƙanƙani, iska ta bi wata 'yar kafa ta shiga bututu ta tura harsashi. Mai rufe bawul ɗin kuwa, galibi matsin iskar da ke cikin silinda ne. Ka ɗauke shi kamar ƙofar da mutane suka danne daga ciki, kai kuma kana bugunta daga waje da ƙarfi iri ɗaya kullum. Idan sun yi yawa kaɗan za ta buɗe, idan sun ragu ta buɗe sosai ta daɗe a buɗe.

Shi ya sa bindigar da ba ta da regileta, wato na'urar daidaita matsin iska, idan an cika ta maƙil, harbinta na farko yakan fita da sanyi. Matsi ya yi yawa, bawul bai samu buɗewa sosai ba. Yayin da matsin ke sauka sai gudu ya riƙa hawa, ya kai ƙololuwa, ya ɗan zauna a nan, sannan ya fara gangarowa saboda iskar da ta rage ba ta da ƙarfin turawa. Idan ka zana lambobin a takarda, siffar tudu za ka gani. Saman tudun nan muke nema. Wanda ya wuce gona da iri wajen cikawa yakan tarar bawul ya ƙi buɗewa baki ɗaya, hama ta buga amma harsashi bai ko fita ba.

Mai regileta kuwa tana da wani ƙaramin ɗaki tsakanin silinda da bawul. Regileta tana barin iska ta shiga ɗakin har matsin da aka saita, a ce bar 110 (bar ma'aunin matsin iska ne), sai ta rufe. Kowane harbi daga wannan ɗaki yake ɗiba, don haka gudu ba ya damuwa da ko silinda na kan 230 ko 140. Sai ranar da silinda ta sauko ta iske matsin regileta, daga nan ta koma kamar marar regileta.

Abin da za ka tanada

Kafin komai, doka. A Najeriya Dokar Makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. A Birtaniya, doguwar bindigar iska da ta wuce jul 16.27 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) tana bukatar takardar mallakar bindiga, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Ka san ta inda kake zaune, domin awon da za mu yi zai nuna maka ko bindigarka ta tsallake iyaka.

Kana bukatar na'urar auna gudun harsashi, ko mai idon haske da ake harbi ta samanta, ko mai rada, ko ƙarama irin Combro da ake ɗaurawa a bakin bututu. Sai gwangwanin harsashin dalma iri ɗaya, mai kyau, kamar na JSB ko H&N, wanda zai ishe ka harbi 100 ko fiye. Kada ka gauraya iri biyu a awo ɗaya. Sai littafi da biro, tabarau na kare ido, da wurin da harsashi zai tsaya lafiya: buhun yashi biyu ko uku a gaban katanga, ba dutse ba, ba ƙarfe ba, domin dalma tana dawowa. Kuma a tabbata babu yaro ko dabba da za su iya ratsawa ta gaba.

Lambobin matsi iri biyu ne a jikin kaya. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka psi 3,000 da ake gani a bindigogin Amurka kamar Benjamin Marauder kusan bar 207 ne. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Mataki na ɗaya: tabbatar iska ba ta sacewa

Awon bindigar da ke sace iska ɓata lokaci ne. Cika ta, bar ta ta huce, rubuta inda allurar agogon matsi ta tsaya, ka ajiye ta kwana biyu a ɗaki ɗaya. Idan allurar ta sauka a fili, nemo wurin. Ɗaura balan-balan a bakin bututu ka bar shi ya kwana. Idan ya kumbura, bawul ne ba ya rufewa sosai. Idan bai kumbura ba, shafa kumfar sabulu kaɗan a bakin cikawa da gindin agogo da inda silinda ta haɗu da jikin bindiga, ka jira ka ga inda kumfa za ta taso, sannan ka goge ruwan tas. Yawanci zoben roba ne ya bushe ko ya tsage.

Agogon da ke jikin bindiga ƙarami ne, kuma sau da yawa yana kuskure da bar 5 ko 10. Na jikin famfo ko na tiyon babbar tukunyar da ake ɗibar iska ya fi girma ya fi aminci. Kwatanta su lokacin cikawa ka rubuta bambancin. A wasu bindigogi agogon yana ƙarshen silinda, daidai ƙarƙashin bakin bututu. Kada ka taɓa leƙa shi alhali bindiga na ɗane ko da harsashi a ciki. Na fi son a yi amfani da ɗan madubi ko kyamarar waya, fuska na gefe.

Mataki na biyu: cikawa

Iska kawai, busasshiya mai tsabta, ko naitirojin idan kamfani ya amince. Iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti ba ta shiga bindiga ko da wasa. Oksijin mai matsi idan ta haɗu da ɗan maiko sai ta kama wuta, silinda ta tarwatse a hannun mai ita. Haka man inji da giris na mota, ba sa kusantar bakin cikawa ko cikin silinda. Giris na silikon kaɗai ake shafa wa zoben roba, shi ma ɗan kaɗan. Kwamfaresar mai faci kuwa ba ta wuce bar 8 zuwa 10, ba za ta yi maka komai ba.

Duba matsin da aka buga a jikin silinda ko a littafin bindigar. Air Arms S410 bar 190 ce, Weihrauch HW100 bar 200, yawancin na BSA 232, FX Impact 250. Wannan iyaka ce, ba a ƙetare ta.

Idan daga babbar tukunya kake ɗiba, haɗa tiyo, rufe bawul ɗin fitar da iska, sannan ka buɗe tukunyar a hankali sosai, allura ta riƙa rarrafe. Ka ɗauki kamar minti ɗaya. Cikawa da sauri tana ɗumama iskar, agogo ya nuna 200, bayan minti goma ta huce ka ga 190, ka ɗauka sacewa take yi. Zafin kuma yana cin zoben roba. Da ka kai inda kake so, rufe tukunya, buɗe bawul ɗin fitarwa lokaci ɗaya da ƙarfi don iskar tiyo ta fita, kafin ka zare. Ba a zare tiyo da matsi a ciki.

Idan famfon hannu ne, irin na Hill ko makamancinsa, tura shi har ƙasa, ja shi har sama, ka ɗan dakata a kowane ƙarshe. Bayan minti biyar ka bar shi ya huce. Da damina famfo yana tara ruwa daga laimar iska, kuma ruwan nan idan ya shiga silinda tsatsa yake haifarwa daga ciki inda ido ba ya gani. Sa matatar ɗauke laima, ka riƙa sauya ƙwayoyinta. Ƙananan kwamfaresa na bar 300, irin Yong Heng da ake kawowa daga Sin, su ma suna bukatar matata mai kyau ta ruwa da mai tsakaninsu da bindiga.

Bayan cikawa, bar bindigar ta huta minti goma ko sha biyar, sannan ka rubuta matsin farawa.

Mataki na uku: jerin harbi

A nan aikin yake, kuma a nan mutane suka fi gajen haƙuri. Ɗora bindigar a kan matashi ko buhun yashi, tazararta da na'ura ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai idon haske tana son haske tsayayye. Dogon ƙwan lantarki mai ƙyaftawa yana ruɗa ta, haka rana mai shiga gajimare tana fita. Ka ja ta kamar rabin mita daga bakin bututu don hucin iskar kada ya ɓata karatun.

Zana layi uku a littafi: lambar harbi, gudu, matsi. Harba, rubuta gudu. Bayan kowane harbi biyar ko goma, rubuta matsi. Bar daƙiƙa goma zuwa sha biyar tsakanin harbi da harbi, musamman ga mai regileta, don ɗakin ya sake cika. Duba kowane harsashi kafin ka sa shi. Wanda gindinsa ya lanƙwashe ka ware shi gefe. Idan na'ura ta ƙi karanta wani harbi, rubuta lambarsa ka bar gurbin, domin ya ci iska ko da ba a ga gudunsa ba.

Kada ka tsaya don ka ga lambobi sun yi kyau, kuma kada ka tsaya don guda ɗaya ya faɗi. Ci gaba har ka ga gudu yana sauka harbi bayan harbi, ya yi ƙasa da ƙololuwa da kamar kashi 6 ko 7 cikin ɗari. Amma kada ka zazzage silinda ƙarƙaf. Wasu bindigogi idan matsi ya yi ƙasa sosai bawul yakan saki sauran iskar gaba ɗaya, sake cika su kuma sai an ɗana tukuna.

A saman shafin rubuta kwanan wata, zafin wurin, sunan harsashi da nauyinsa. Bayan wata shida za ka ga amfanin wannan.

Mataki na huɗu: karanta lambobin

Ga misali da lambobin da na tsara don bayani. Bindiga ce marar regileta, bututu milimita 4.5, silinda cc 200, harsashi mai nauyin giram 0.547. An cika bar 200. Harbi na 1 ya ba da mita 229 a daƙiƙa. Na 12 ya ba da 234, matsi na kan 185. Na 40 ya kai 241 a bar 150, kuma shi ne mafi sauri. Na 65 ya ba da 236, na 70 ya ba da 234 a bar 110, na 80 ya faɗo 226.

Fara da ƙololuwa, 241. Yanke shawarar tazarar da za ka lamunta. Masu harkar da yawa suna ɗaukar kashi 3 ko 4 cikin ɗari ga marar regileta. Kashi 3 na 241 kusan 7 ne, don haka duk harbin da bai gaza 234 ba ya shiga. Nemo inda gudu ya fara taɓa 234 a hawa, wato harbi na 12 a bar 185. Nemo inda ya sake taɓa shi a sauka, wato na 70 a bar 110. Amsarka ke nan: wannan bindiga ana cika ta 185, ana tsayawa a 110, tana ba da harbi 58 ko 59 masu kyau. Bar 15 ɗin da ake wahala a ƙara a sama ba su ƙara komai ba sai harbi goma sha ɗaya masu sauka ƙasa da inda aka saita. Mai famfon hannu ya san cewa waɗannan na ƙarshen su suka fi cin ƙarfi.

Wace tazara ce daidai? Nisan da kake harbi ne zai faɗa maka. Harsashi mai gudu irin wannan yana ɗaukar kusan kwatan daƙiƙa kafin ya kai mita 50, kuma a wannan lokaci yana faɗuwa fiye da santimita 25 daga layin bututu. Idan gudu ya ragu da kashi 4, faɗuwar tana ƙaruwa da kusan kashi 8, wato kamar santimita 2. A mita 20 kuwa, inda faɗuwar duka ba ta kai santimita 4 ba, bambancin milimita 3 ne kacal. Mai korar ɓera a rumbu daga mita 15 yana iya faɗaɗa tazararsa ya ci harbi da yawa. Mai harbin gasa a mita 50 dole ya matse ta zuwa kashi 2, ya haƙura da ƙarancin harbi. Ni dai ina ganin duk wanda zai harbi abu mai rai, gara ya matse, domin raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale ba abin da mutum zai so ya ɗauka ba ne.

Ƙarfin harbi ana lissafa shi da mafi saurin gudu. Nauyi a kilo, sau gudu, sau gudu, a raba biyu: 0.000547 sau 241 sau 241, raba biyu, ya ba da jul 15.9. Idan na'urarka ƙafa a daƙiƙa take nunawa, nauyi kuma a giren (grain) aka rubuta, ninka giren da gudu, ka sake ninkawa da gudu, ka raba da 450,240, amsar kuma a ma'aunin ft-lb za ta fito, ba a jul ba. A PCP harsashi mai nauyi yakan fitar da ƙarfi fiye da marar nauyi, don haka mai zaune inda doka ta sa iyaka ya gwada da mai nauyin ma.

Akwai lamba ɗaya kuma da nake so kowa ya riƙe, wato iskar da harbi ɗaya ke ci. Cire matsin ƙarshe daga na farko, ninka da girman silinda, raba da yawan harbi: 75 sau 200, raba 58, kusan 259. Ita kaɗai ba ta da ma'ana sosai. Amfaninta sai ka sake awo bayan wata da watanni ka ga ta haura alhali gudu bai ƙaru ba. Nan ka san iska na tafiya a banza.

Maimaita awon sau ɗaya daga sabon matsin da ka gano. Idan ya yi daidai da na farko, rubuta lambobin biyu da yawan harbin a 'yar takarda ka manna a gindin bindiga. Ka mayar da su lissafin gidan harsashi: idan yana cin goma, gida biyar ne da harbi takwas, sai a sake cikawa.

Idan mai regileta ce

Layinta a miƙe yake, bambancin mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa, har silinda ta iske matsin regileta. Wurin da layin ya karye shi kake nema, sai ka riƙa tsayawa bar 10 kafin nan. Yadda ya karye ma yana da labari. Idan gudu ya ɗan hau kafin ya faɗi, regileta ta fi ƙarfin hama, an saita ta sama kaɗan. Idan ya faɗi nan take, kuma bindigar tana da ƙara mai yawa, hama ce ta yi ƙarfi, tana zubar da iska bayan harsashi ya riga ya fita.

Ciwon regileta da aka fi gani shi ne tsiyayar matsi a hankali zuwa cikin ɗakin idan bindiga ta daɗe a ajiye. Alamarsa harbin farko na safe ya bambanta da sauran. Gwada shi haka: harba biyar ka rubuta, ajiye ta ta kwana, da safe harba biyar ka kwatanta na farko da na uku. Idan bambancin ya wuce tazararka, kafin a gyara ka saba da sakin harbi ɗaya cikin buhun yashi kafin na gaske. Sabuwar regileta ma takan ɗauki lokaci kafin ta zauna, don haka kada ka yanke mata hukunci a gwangwanin farko.

Inda kamfani ya sa maɓallin saita sifirin hama, ƙara shi kaɗan-kaɗan kana auna harbi uku a kowane mataki. Za ka kai inda ƙari ba ya ƙara gudu. Daga nan ja baya har gudu ya sauka da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A nan bindiga ta fi daidaito da tattalin iska. Abin da ya wuce wannan, kamar buɗe bawul ko regileta, aikin ƙwararre ne, kuma ba a sa sukuddireba a jikin bindigar da ke da matsi a ciki.

Takarda ce alƙali

Bayan na'ura, kafa takarda a nisan da ka saba. Ɗiga baƙin tabo goma sha biyu, harba biyar a kowanne, rubuta matsi a gefensa. Wanda ba shi da na'urar auna gudu, wannan hanya kaɗai za ta fitar da shi, in dai ya yi ta a mita 40 ko 50 ranar da babu iska. Zai ga tarin ramuka sun fara ƙasa da tabo, sun hau, sun zauna, sun sake sauka. Matsin da ke gefen tabon farko da na ƙarshe da suka zauna daidai, su ne lambobinsa.

Zafi da sanyi

Matsin iskar da ke rufe yana bin zafi. Silindar da aka cika bar 200 a ɗaki mai digiri 20, idan ta kai digiri 45 za ta nuna kusan 217 ko sama da haka. A cikin motar da aka rufe a rana, inda zafi ke iya haura 60, ta doshi 230. Ga mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu wannan ba lissafin takarda ba ne. Marar regileta da ka cika daidai da asuba tana iya komawa gefen tudu da azahar, harbinta ya yi sanyi. Cika ta a zafin da za ka yi harbi, kada ka bar ta a mota ko a rana, kuma ka yi awo biyu a shekara, ɗaya da hunturu ɗaya da bazara. Ƙurar hunturu kuma abokiyar gabar bakin cikawa ce. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa, don haka murfin bakin ya zauna a wurinsa, kan tiyo kuma a leda.

Idan lambobi sun warwatse

Gudu na tsalle sama da ƙasa ba tsari, fara zargin harsashi. Auna ashirin a sikelin masu zinare ka ga ko nauyinsu ɗaya. Gwada wani girman kai, domin gwangwanin 4.5 akwai mai 4.50 da 4.51 da 4.52, kuma kowane bututu da wanda yake so. Sai zoben robar da ke gindin bututu: ɗora 'yar takarda marar nauyi a kan wurin sa harsashi ka harba cikin yashi, idan ta tashi iska na fita ta nan. Sai hama, wadda datti ko maiko mai kauri ke hana ta tafiya iri ɗaya. Bututun da aka goge yanzu ma yana bukatar harbi kaɗan kafin ya koma yadda yake.

Babbar tukunya da shekarun silinda

Tukunya mai lita 12 a bar 300 za ta cika bindigar misalinmu sau nawa? Abin da ke amfani shi ne wanda ke sama da 185, wato 115 sau cc 12,000. Raba shi da 15,000 da kowace cikawa ke ci, ya ba da 92 a takarda. A zahiri ba za ta kai haka ba, domin tiyo yana zubar da nasa kowane karo, kuma iska sama da bar 200 ba ta matsuwa yadda lissafi mai sauƙi ke nunawa. A bar 300 tukunya tana ɗauke da kusan kashi 10 ƙasa da abin da ake zato. Irin wannan tukunya mai bar 232 kuwa, 47 kawai take da shi a sama, wato cikawa 37 a takarda. Gajeren tiyo mai siririn rami yana rage asara.

Silinda tana da shekaru. Kamfanonin Jamus kamar Weihrauch suna ba tasu shekara 10, kuma hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ba ta yarda a shiga gasa da wadda ta wuce haka. Manyan tukwane ana musu gwajin matsin ruwa duk shekara 5, masu naɗin zaren kabon da yawa kuma wa'adinsu shekara 15 ne. Duba kwanan watan da aka buga a jiki kafin ka sayi ta hannu. Wadda ta lotsa, ko ta yi tsatsa mai rami, ko ta shiga wuta, ba a faci ba a walda, sauya ta ake yi. Lokacin ajiya kuma kada ka bar bindigar wayam. Ka bar mata matsi a tsakiyar lambobinka biyu, a sauke ɗanin, a cire harsashi, a kulle ta inda yara ba sa kaiwa, sannan ka wanke hannunka da sabulu saboda dalma.